Sit ɗin Bayan Babur

Duk direban da ya taɓa yin kwana uku a hanya ya sauko yana dafe da ƙugu ya san shagon Mai Kushin. Yana bayan tashar manyan motoci, tsakanin wani tela da Dogo bakanike, ɗaki ne guda mai rufin kwano wanda warin gam ba ya barinsa. Soso jibge har rufi, leda a nannaɗe jingine da bango, keken ɗinki, da wata doguwar wuƙa da wasawa ta cinye har ta zama siririya. Shekara talatin da huɗu ke nan yana ɗinka wa mutane abin da za su zauna a kai su yi tafiya, shi kuwa ko ƙofar gari bai cika wucewa ba.

Direbobi "Ba-Awo" suke ce masa, domin ba wanda ya taɓa ganin tef ɗin awo a hannunsa. Kallo ɗaya zai yi wa mutum daga kafaɗa zuwa gwiwa, ya ɗauki wuƙa ya yanka soso, kuma kujera ta zauna daram. Abin da ya fi ba su tsoro shi ne yadda yake karanta tsohuwar kujera. In aka ciro ta daga mota aka dire a gabansa, sai ya ɗora tafin hannu a kai, ya lumshe ido, ya fara tonon asiri.

"Mai wannan a aljihun baya na dama yake sa walat. Kuma in barci ya fara ɗibarsa ƙofa yake jingina da ita. Ku gaya masa ya daina, yana da iyali."

Sai a kwashe da dariya, mai kujerar ya yi ta rantse-rantsen ƙarya. Mai Kushin yana jin daɗin wannan fiye da yadda ya kamata. Mutum ne mai kirki, amma in aka zo kan idonsa da hannunsa, girman kansa ya fi shagon.

A gida kuwa, kujerun falonsa sai addu'a. Akwai wata mai hannu biyu kusa da taga, wadda ya ɗinka shekarar da ya yi aure, a kanta matarsa take tsintar shinkafa, a kanta take amsa waya. Ledar ta tsage, ta rufa mata tsohon zane. Duk sanda ta ce, "Malam, kujerar nan fa," sai ya ce, "Ranar da ba aiki." Ranar da ba aiki ba ta taɓa zuwa ba, ita ma har ta daina faɗa.

Auta ake ce mata. Yayarta ce ta fara kiranta haka, shi kuma ya tarar da sunan ya ɗauka. Yayar ce ta raine ta tun uwarsu ta rasu, a wani gari can ɗaya ƙarshen ƙasar, bayan babban kogi da duwatsu, inda kwalta take ƙarewa a ci gaba da laka. Daga can ya ɗauko ta shekara talatin da biyu da suka wuce, a gaban wata babbar motar kaya, siririyar yarinya zaune a miƙe da ƙunshinta a cinya. Ranar, Yaya ta riƙe ƙofar motar ta ce masa, "Ka riƙa kawo mini ita." Shi kuwa da bakin angon da bai san duniya ba ya ce, "Kowace shekara, Yaya."

Kowace shekarar nan sau uku ta zama. Ba mugunta ba ce ta hana. Mota ce ba ta karɓi Auta ba. Da an rufe ƙofa, warin mai ya bugi hancinta, sai amai, tun tana yi da abinci har ta koma yi da ruwa. Zuwansu na ƙarshe, shekara goma sha ɗaya ke nan, a wani ƙaramin asibitin bakin hanya ya ƙare, ana ƙara mata ruwa. Tun daga nan sai waya. Duk ranar hutu da hantsi Auta za ta zauna a kujerarta, su yi ta hira da Yaya har katin ya ƙare, in ta ajiye wayar ta daɗe tana kallon taga. Mai Kushin yana ganin wannan kallon, kuma yana jin ciwonsa, sai dai ya sa takalmi ya fita.

Bana ne Yaya ta faɗi abin da ta daɗe tana ɓoyewa. Auta ta sa wayar a lasifika don shi ma ya ji.

"Likita ya ce idon ba ya dawowa, abin da ya tafi ya tafi. Yanzu kamar ta bakin kwalba nake kallon duniya, kuma kullum bakin ƙara tsukewa yake. Auta, muryarki na ƙoshi da ita. Fuskarki nake so in gani, ko sau ɗaya, kafin a rufe."

Auta ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, Yaya," ta ajiye wayar, ta ci gaba da tsintar shinkafar da ta riga ta tsince.

Kwana biyu Mai Kushin yana juya abin, sai ya tuna cewa Auta takan hau babur ɗin haya zuwa gidan 'yarsu, ta je ta dawo lafiya lau. Iska na dukan fuskarta, ba ƙofa, ba warin mai. A mako na gaba ya sayar da keken ɗinkinsa mai lantarki, ya bar na ƙafa, ya sayo babur na hannu daga wani malamin gona da ya yi ritaya. Fentin tanki ya koɗe, bututun hayaƙi na da ɗan tabon walda, amma injin in ya tashi muryarsa ɗaya ce, ba tari.

Dogo bakanike ya zagaya shi sau biyu yana taɓe baki.

"Ba-Awo, yaushe rabonka da babur?"

"Shekara ashirin. Ai ba a mantawa."

"Babur ɗin bai manta ba, gwiwarka ce ta manta. Kai da ko kujerar shago sai ka yi nishi kake tashi."

Duk da tsiyar, Dogo ya canza baƙin mai, ya sa sabuwar kaca da sabon birki, ya ɗaura tayoyi masu manyan haƙora saboda laka. Ya haɗa masa jaka: tib biyu, fulogi biyu, famfo, sifana uku, da wayar kulochi. Ya sa shi ya cire tayar baya ya mayar har sau huɗu yana tsaye a kansa yana masifa. Kowace safiya kafin tasha ta cika, Mai Kushin yakan zagaya filin da ke bayanta, da fari yana tangaɗi, daga baya har yana sakin hannu ɗaya ya gaida mai shayi.

Hanyar kuwa direbobi suka ba shi. Ya yage kwalin gam ya kafe a bango, duk wanda ya shigo sai ya ƙara masa wani abu. Nan akwai gidan mai, cika tanki ko da bai yi rabi ba. Nan gada ce mai layi ɗaya, bari manyan motoci su wuce. Nan gangara ce mai tsawo, kada ka dogara da birkin gaba. Nan akwai masaukin da matafiyi zai kwana da iyalinsa hankali kwance. Shekara talatin da huɗu yana jin labarin wuraren nan a bakin mutane, inda hazo ke sauka kan duwatsu da safe, inda kogi ke faɗi har ba a hango ɗaya gaɓar. Sau uku ya bi ta cikinsu bai ga komai ba sai bayan wuyan Auta da ledar amai. Yanzu in aiki ya lafa sai ya tsaya gaban kwalin yana bin layin da ɗan yatsa, zuciyarsa na ɗoki kamar ta yaro. Ya raba tafiyar kwana biyu. Wani tsohon direba ya gargaɗe shi cewa da ruwan farko ya sauka, lakar ƙarshen hanya ba ta biyuwa sai bayan wata huɗu. Saura mako shida.

Sai aka zo kan sit, mazaunin babur, wato inda ba wanda zai koya masa komai. Ya kwance tsohon, ya ɗora hannu, ya ce malamin gonar nan shi kaɗai ya yi ta yawonsa, bayan ko ɗan akuya bai taɓa ɗauka ba. Ya zaɓo soso mafi kyau a shagon, mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama. Ya yanka nasa. Da ya zo na baya, bai ko yi tunanin zuwa gida ya dubi Auta ba. Ina dalili? Matar da kake kwana kake tashi da ita shekara talatin da biyu? Ya lumshe ido ya gan ta sarai, siririya, zaune a miƙe, ƙunshi a cinya. Wuƙa ta bi soso. Ya lulluɓe da baƙar leda, ya yi ɗinki biyu a gefe. Direbobi suka yi ta shafawa suna cewa ko a kamfani sai haka.

Ranar gwaji ya kai babur ƙofar gida da la'asar. Auta ta fito da mayafi, ta dubi sit ɗin, ta dubi tsayinsa. Ta daɗe kafin ta ɗaga ƙafa, sai da ta dafa kafaɗarsa da ƙarfi. Shi yana kallon gaba yana wasa da totur.

"Ya kika ji?"

"Ya yi, Malam."

Suka zagaya unguwa, suka bi ta bayan kasuwa, suka dawo, duka bai fi minti ashirin ba. Da ta sauka sai ta kama bango, ta tsaya nan tana murmushin dole, goshinta ya jiƙe. Ta ce ƙafarta ce ta yi sanyi, ta shiga ciki a hankali tana bin bangon.

Kowa ya ga wannan ya san inda matsalar take, ban da Mai Kushin. Washegari ya tasa Dogo a gaba wai shokazoba ne suka yi tauri. Dogo ya sassauta. Aka sake gwaji, haka. Ya ce iskar taya ce ta yi yawa, aka rage. Ya ce wurin ɗora ƙafa ne, aka sauke shi. Mako biyu cur suka tafi a haka, ana ta kwance babur ana ɗaurawa, sit ɗin kaɗai ba a taɓa ba. Ranar da Dogo ya ce, "Anya ba sit ɗin nan ba ne?" kwana biyu Mai Kushin bai amsa gaisuwarsa ba.

A ranar hutun da ta biyo baya, Yaya ta kira, ta ce yanzu in mutum bai matso taku biyu ba ba ta rarrabe fuska. Ta ce launi duk ya dushe, ja ne kawai yake iso mata daga nesa. Auta ta ce, "Muna nan tafe, Yaya, shiri ake." Da ta ajiye sai ta ce masa, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, mu tafi haka. Zan daure." Ya san minti ashirin ma da ƙyar take kaiwa, balle kwana biyu.

Wata ranar Laraba da azahar ya dawo gida ɗaukar katin babur, ya tarar Auta ta tafi gidan 'yarsu. Gidan shiru. Ga gajiya, ga zafi, sai ya yi abin da bai yi ba cikin shekaru, ya zauna a kujerarta. Kujerar ta karkatar da shi hagu har kafaɗarsa ta bugi bango.

Ya miƙe. Ya yaye zanen. Hannunsa da kansa ya hau kan soson, kamar yadda yake hawa kan na direbobi, ya lumshe ido.

Hagu ya lotsa har katako. Dama kuwa yana nan da tsayinsa, kamar ba a zama a kai. Mai wannan kujera ba ta ɗora nauyi a ƙugun dama, gudunsa take yi. Ba bana abin ya fara ba, soso irin wannan ba ya mutuwa haka sai an yi shekara shida ko bakwai ana danne shi gefe guda. Hannun kujerar na hagu ya goge har ya yi santsi, nan take dafawa da dukan ƙarfinta in za ta tashi. Faɗin ramin ya kusa ninka abin da ya yanka a babur. A bayan kujerar, can ƙasa, ga wani tsohon tawul a naɗe an cusa, don ya tallafi tsatso.

Da kujerar wani direba ce, da yanzu ya ce, "Ku kai shi asibiti, ƙugunsa ya daɗe yana cinsa." Ya tsaya da hannu a kan soson, kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta buƙatar shaida. Shekara bakwai matarsa tana zaune a karkace a gabansa yana shan shayi. Ya san aljihun da baƙo yake sa walat, bai san wannan ba. Kuma a tsakiyar kunyar ya ji kewa ta kama shi, kewar yarinyar gaban mota wadda ta daɗe da tafiya bai yi mata sallama ba, da kewar matar da ta maye gurbinta, wadda take nan kullum amma bai zauna ya dube ta ba.

Ya ciro soson kujerar ya rungume, ya fita da shi haka a titi. Da ya isa layin shagunan bai shiga nasa ba, sai ya tsaya ƙofar tela.

"Ara mini tef."

Tela ya ɗago, ya cire tabarau. "Me ka ce?"

"Ka ji ni."

"Dogo! Zo ka ji abin da ban taɓa ji ba!"

Dogo ya leƙo da sifana a hannu, ya buɗe baki zai fara, sai ya ga fuskar Mai Kushin da tsohon soson da yake rungume, ya koma ciki.

Da yamma Auta ta dawo ta tarar da kujerarta ba soso, mijinta kuma tsaye da tef rataye a wuya kamar sabon ɗan koyo.

"Malam, lafiya? Ina zan zauna?"

"Tun yaushe ƙugun nan yake damunki?"

Ta gyara mayafi. "Wa ya gaya maka?"

"Kujera."

Ta yi 'yar dariya, idonta ya ciko. "Ai na san in ba ita ba, ba wanda za ka ji maganarsa a gidan nan."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na ce maka kujerar nan fa. Sau nawa?"

Ya jawo benci ya ce ta zauna yadda take zama in ba kowa. Ta zauna, ta karkata. Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya auna faɗi, ya auna daga benci zuwa tsatso, daga gwiwa zuwa diddige, yana rubutawa a tafin hannunsa da biro. Tef ɗin sai kuɓuce masa yake don bai iya riƙe shi ba, ita ce ma take danne masa bakin da yatsa. Ya ce kafin su tafi sai likita ya duba ƙugun. Ta ce ba lokaci. Ya ce za a samu. Washegari 'yarsu ta kai ta, aka ba ta magani, aka ce kada ta wuce minti arba'in a zaune ba ta tashi ta taka ba.

Kwana biyar ya yi a kan sabon sit. Ya yage baƙar ledar da direbobi suka yaba, ya jefar da soson. Ya ajiye tsohon soson kujerarta a gefe, yana shafa shi yana sassaƙa sabon, har ramin ya fito iri ɗaya, hagu a ƙasa, dama an rarake masa wuri don kada komai ya taɓa ƙashin. Dogo ya walda masa majingini da ɗan mataki na hawa. Sit ɗin ya fito faffaɗa, a karkace, mummuna. Wani direba ya tambaya ko Ba-Awo ya fara tsufa ne, Mai Kushin ya ce masa e. Ledar kuwa ja ya sa, majinginin ma ja, ragowar ya lulluɓe jakunkunan gefe da ita, har babur ya koma abin nunawa daga nesa.

Sannan ya tsaya gaban kwalinsa ya soke kwana biyu. Ya raba hanyar minti arba'in-arba'in, ya bi direbobi yana tambayar inda akwai inuwa, inda mace za ta iya takawa. Kwana huɗu ya fito. Da ƙyar ya rubuta, domin gajimare ya fara taruwa da yamma a gabas, kuma bai san ko bakin kwalbar Yaya zai jira kwana huɗu ba. Mako biyun da ya ɓata yana zargin shokazoba su ne suka fi cin ransa, kuma ba wanda zai dawo masa da su.

Suka tashi ranar Litinin da hantsi. Auta ta fito da jan mayafin da ta aro wurin 'yarta, ta ɗora hular kwano a kai tana ƙorafin ta yi kama da tukunya. Ta taka matakin, ta zauna. Wannan karon bai kalli gaba ba, juyowa ya yi yana jira. Ta motsa kaɗan, ta jingina, kafaɗunta suka sauka.

"Malam," ta ce a hankali, "wannan ai kujerata ce."

Ya juya da sauri ya hau neman makullin da yake riƙe da shi.

Dogo ya zo sallama, ya yi wa babur zagaye na ƙarshe, ya latsa taya, ya ja kaca. Da ya zo kan madubin hagu sai ya tsaya.

"Ba-Awo, madubin nan ya karkace ciki. Ba hanya yake nuna maka ba."

Ya kai hannu zai gyara, Mai Kushin ya riƙe masa wuyan hannu.

"Na dama ya ishe ni hanya. Bar wannan, ni na sa shi haka."

Dogo ya sunkuya ya leƙa madubin, ya ga fuskar Auta a ciki, ya janye hannunsa. Wayarta ta yi ƙara a jaka, ta ciro, ta ɗaga murya saboda injin.

"Yaya, mun taso. Kwana huɗu. Ki zauna a bakin ƙofa, in kin hango wani abu ja yana tafe a hankali, mu ne."